Kwamfutoci Shida a Bayan Katanga

9 ga Janairu

Zuwa ga 'yar Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Gwaggo. An ce mini ƙafa na damunta, Allah ya sawwaƙe. Ni lafiyata lau, in ban da haƙori ɗaya da aka cire mini a watan jiya, kuma ban yi kewarsa ba.

Na san hatimin gidan yari za ki fara gani kafin ki gane mai rubutun. Ni ne Yaya Lantarki. Mahaifina da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, rabona da ke kuma shekara goma sha huɗu, tun zuwan da na yi na sake muku wayar gidanku kina aji biyar a sakandare. Abin da ya kawo ni nan kin sani. Na ja waya a layin shaguna, na san ta yi siriri, na bar ta haka. Wuta ta tashi, maigadi ya rasu. An yanke mini shekara shida, na ci huɗu da wata biyu.

Ga dalilin wasiƙar. Akwai ɗakin koyon sana'a a nan, kusa da na kafintoci. Bara wata ƙungiya ta kawo tsofaffin kwamfutoci shida, aka turo malami ya koya mana rubuta manhaja. Wata biyu ya yi yana koya mana a allon bango, da alli, yana cewa sai ya samo kayan aikin da za a saka wa kwamfutocin tukuna. Kafin ya samo aka canza masa wurin aiki. Ya bar mu mu tara da littattafai cike da rubutun da ba mu taɓa ganin ya yi motsi ba.

Makon jiya Ofisan Koyarwa ya kira ni. Ya ce masu duba aiki za su zo ranar 28 ga Afrilu, idan suka tarar ɗakin a haka za a kwashe kwamfutocin a mayar da shi sito. Ya ce tunda ni ne mai hannun gyara, in ga abin da zan iya. Na ce masa gyaran wuta daban, wannan daban. Ya ce duk waya ce.

An gaya mini aikinki ke nan, rubuta manhaja. Harshen da malamin ya fara mana sunansa Python. Me ake saka wa kwamfuta ta fara jin sa? Babu intanet a nan, ba kuma za a taɓa kawowa ba. Ofisa ya ce idan an aiko filashi, ɗan abin nan da ake ɗauko manhaja a ciki, da sunansa zai duba ya karɓa. Wasiƙa kuma sai ta rubutun hannu suke bari ta shigo, kuma sai an karanta ta a ƙofa.

Idan ba ki da hali, ko ba ki so, babu laifi ko kaɗan. Ki gaida Gwaggo idan gaisuwata ba za ta ɓata mata rai ba.

Yayanki,
Lantarki

24 ga Janairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Gwaggo da sauƙi, tana wurinmu yanzu tun da likita ya hana ta zama ita kaɗai. Ƙaramin ɗana ya yi ƙyanda ya warke. Na tuna ka sarai. Soket ɗin da ka saka a falo har aka sayar da gidan bai taɓa yin ƙara ba.

Zan taimaka. Amma ba zan aiko komai ba sai na san irin kwamfutocin, domin tela ba ya yanka yadi bai auna mutum ba. Tsohuwar kwamfuta ba kowane sabon abu take ɗauka ba, in na aiko wanda bai dace ba mun yi asarar wata guda a hanya.

Ka kunna kowacce. A allon farko za ka ga hoton ƙaramar kwamfuta. Ka ɗora maus a kansa, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi layin ƙarshe. Shafi zai buɗe. Ka kwafo mini duk abin da ke jikinsa, harafi da harafi, ko ba ka gane ba. Musamman ka duba ko an rubuta 32 ko 64. Sannan ka tambayi Ofisa kalmar sirrin mai kula da kwamfutocin. Ba ta shiga ta kullum ba, akwai wata wadda sai da ita ake yarda a saka sabon abu. In babu ita, mun tsaya tun ba mu fara ba.

Ka liƙa wa kowace kwamfuta lamba, ɗaya zuwa shida, don mu riƙa sanin wadda muke magana a kai. Kada ka goge komai, kada ka saka komai, kada ka buɗe bayansu da sukudireba. Na san ku masu gyara, hannunku ƙaiƙayi yake.

Abu ɗaya kuma: kada ka ƙara aiko wasiƙa gida. Ga adireshin ofishinmu a ƙasa, can za ka riƙa aikowa.

'Yar Gwaggonka

7 ga Fabrairu

'Yar Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin sauƙin Gwaggo da na yaron. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau huɗu. Shekara biyu ke nan rabon da a kira sunana a wurin rabon wasiƙu, har gandiroban ya sake duba ambulan ya tabbatar.

Na yi yadda kika ce. Takardar da na haɗo ita ce kwafin shafukan. Lamba ɗaya zuwa biyar duk 32 suka ce. Lamba shida ba ta kunnuwa ko kaɗan, ko fitila ba ta kawowa. Ban buɗe ta ba. Na sa hannuwana a aljihu na wuce.

Kalmar sirri ta ba mu wahala. Ofisa bai san da ita ba. Ya buga wa malamin waya kwana uku bai ɗauka ba, ran na huɗu ya ɗauka ya ce yana ganin ya rubuta ta a wani wuri a ɗakin. Muka birkice ɗakin ni da Baba Tela. Baba Tela dattijo ne a cikinmu, ya haura sittin, ya shiga ajin ne don ya ce idonsa ya daina ganin ramin allura amma yana ganin manyan haruffa. Shi ya gano ta, a rubuce da fensir a cikin murfin akwatin alli. Yanzu tana hannun Ofisa, shi zai riƙa bugawa da kansa in an buƙata.

Batun adireshi na gane. Ba sai kin yi bayani ba. Mace da gidan mijinta da maƙwabta, hatimin nan ba ado ba ne a ƙofar kowa. Na roƙi Ofisa ko za a daina buga shi a bayan ambulan, ya ce doka ce. Saboda haka ko a ofis ɗin za a gani. In hakan ma zai jawo miki magana, ki faɗa mini, sai mu taƙaita.

Sauran kwana tamanin.

Yayanki

21 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Na yi mura ta kwana biyar, ta tafi.

Kafin komai: ba abin da ka ɗauka ba ne game da adireshi, ko in ce ba shi kaɗai ba ne. Zan yi maka bayani a ƙarshe. Yanzu aiki.

Na aika filashi da sunan Ofisa. Abu uku ne a ciki, na sa musu lamba. Na ɗaya shi ne Python kansa. Na zaɓo tsohon fitowa, na uku da ɗigo takwas, domin sabon ba zai hau kwamfutocinku ba. Na biyu manhajar rubutu ce, a cikinta za ku riƙa rubuta shirinku, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, tana sa wa kalmomi launi don kuskure ya fito fili. Na uku littafin bayani ne gaba ɗayansa, wanda ake karantawa ba tare da intanet ba.

Ka fara da kwamfuta ɗaya tak, a lokacin da babu kowa a kanta. Ka buɗe na ɗaya. Zai nemi kalmar sirri. Daga nan shafi zai fito da babban maɓalli a tsakiya yana kiran ka ka danna. Kada ka danna tukuna. Ka duba can ƙasa, akwai ɗan ƙaramin akwati da ba a yi wa maki ba, kalmar PATH na jikinsa. Ka yi masa maki. Wannan shi ne yake nuna wa kwamfuta hanyar da za ta bi ta sami Python. In ka tsallake shi, zai shiga ya zauna, amma in ka kira shi kwamfutar za ta ce ba ta san shi ba, kamar baƙon da ya sauka a unguwa ba a gaya wa kowa gidansa ba.

In ya gama, ka buɗe baƙin allo, wanda ake buga umarni a ciki. Ka rubuta

python --version

ka danna shiga. In ya amsa maka da lamba, an gama. In ka maƙale a wani shafi, akwai maɓalli a kusurwar hagu ta sama, Esc, ma'anarsa kuɓuta, shi ne ƙofar fitarka. In wani abu ya ƙi tsayawa, ka kashe shi, ka share duk abin da ya bari, sannan ka sake gwadawa. In ta farko ta yi, sauran ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ranar.

Yanzu adireshi. Mai kawo mana wasiƙu a bene yake zubar da su, taka ta farko a ƙarƙashin keken yara na tsince ta. Wannan gaskiya ce. Ɗaya gaskiyar ita ce ban gaya wa Gwaggo kana rubuto mini ba, domin duk ranar da aka ambace ka jininta sai ya hau. Ba ƙin ka take ba. Zan gaya mata idan na ga lokaci. Ka ci gaba da rubutowa, hatimi ba ya cizo.

'Yar Gwaggonka

27 ga Maris

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fata iyali lafiya. Ni ma lafiya.

Filashi ya iso tun ranar biyu ga wata, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jira ko wasiƙa za ta biyo shi, mako ɗaya, biyu, uku. Da ban ga komai ba na fahimci amsar tambayar da na yi miki kan batun hatimi. Kin yi abin da zumunci ya ce, har kin wuce. Ban riƙe ki da komai ba.

Ina rubuto wannan ne don kada ki ce an karɓi kaya ba a yi godiya ba, kuma don ki san inda aka tsaya. Na ga lambobin da kika sa, sai na bi su. Na buɗe na ɗaya a kwamfuta ta ɗaya, Ofisa ya buga kalmar sirri, na danna babban maɓallin, ya cika ya ce an gama lafiya. Na biyu da na uku ma sun shiga. A littafin da kika sa na ga ana buɗe baƙin allo a kira sunan Python. Na kira. Kwamfutar ta ce ba ta san wannan kalma ba.

Na cire na sake sakawa sau shida. Na gwada a ta biyu da ta uku, amsa ɗaya. Ga shi ina ganinsa da idona a cikin jerin abubuwan da aka saka, amma in na kira shi sai a ce babu. Ofisa ya gaji da zuwa buga kalmar sirri, ya ce yana da wasu ayyukan. Cikin mu tara, huɗu sun koma wurin kafintoci, sun ce can aƙalla in ka buga ƙusa kana ganin ta shiga. An riga an fara jibge buhunan siminti a kusurwar ɗakin, wai na ɗan lokaci ne.

Baba Tela ya ce in sake rubuto miki in tambaya. Na ce masa wanda ya ba ka riga ba ka ce ya ɗaura maka maɓalli. Zan ci gaba da gwadawa har ranar. In ya yi, to. In bai yi ba, dama ba a nan na saba ba.

Ba zan ƙara damun ki ba. Na gode.

Lantarki

6 ga Afrilu

Yaya,

Lafiyarmu lau, sai dai raina a ɓace yake. Yaushe na zama Hajiya?

Shafi huɗu na rubuta maka ranar 21 ga Fabrairu, na kai gidan waya da hannuna tare da filashin. Ni ma nan jira nake, ina cewa ko an gama ne ka manta da ni, ko wani abu ya same ka. Da taka ta iso jiya na bar aiki na nemo lambar gidan naku. An yi ta miƙa ni daga wannan tebur zuwa wancan har na sami Ofisanku. Ya bincika ya kira ni da yamma. Wasiƙata tana cikin durowar mai duba wasiƙu mako biyar ke nan. Mai dubawar ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar sirri, da lokacin da babu kowa, da kuɓuta, da ƙofar fita, da ka kashe shi ka share abin da ya bari, da kafin ranar. Ya rubuta rahoto a kanka yana jiran amsa daga sama.

Da na sake karanta kwafin da na ajiye, na daina ganin laifinsa. Ni ma da na tsinci wannan a ƙofar kurkuku, da na riƙe.

Saboda haka, Malam mai duba wasiƙu, sannu da aiki. Duk abin da ke cikin waccan takarda maganar kwamfuta ce. Ina roƙon ka je ɗakin da kanka, ka zauna, ɗan'uwana ya yi komai a gabanka layi bayan layi. Abin da ka ga bai yi maka ba ka hana.

Yaya, matsalarka ƙarama ce, kuma ba kai ka fara faɗa mata ba. Ni ma kwana biyu ta cinye mini a shekarata ta farko, na yi kuka a ɗakin karatu. Ka cire Python. Ka sake buɗe na ɗaya. Kafin ka danna babban maɓalli, ka yi maki a ƙaramin akwatin da ke ƙasa mai kalmar PATH. In ya gama, ka rufe baƙin allon da ke buɗe ka buɗe sabo, domin tsohon bai ji labari ba. Sauran bayanin yana cikin waccan wasiƙa in sun ba ka.

Akwai kuma bayanin adireshi a ƙarshenta. Ka karanta, sannan ka ji kunyar wannan da ka aiko mini. Na gaya wa Gwaggo jiya, tunda ta gan ni ina ta waya. Ta tambaya ko kana da bargo, kuma wane haƙori aka cire. Jininta bai hau ba, na auna.

Sauran kwana ashirin da biyu. Ka rubuto ko da layi biyu ne.

'Yar Gwaggonka, ba Hajiya ba

19 ga Afrilu

'Yar Gwaggo,

Sallama. Lafiya lau nake. Ki gaya wa Gwaggo ina da bargo, haƙorin kuma turmi ne na ƙasa, hagu. Kunyar da kika ce in ji na ji ta. Ki yafe mini. Wanda ya daɗe a nan, shiru ma fassara shi yake yi, kuma ba ya fassara shi da alheri.

Ranar Alhamis da safe aka kira ni ɗakin. Na tarar da Ofisa a tsaye, mai duba wasiƙu kuma ya jawo kujera ya zauna dab da kwamfuta ta ɗaya, wasiƙunki biyu a hannunsa. Mutum ne mai furfura da tabarau, ba ya dariya. Ya ce ba zai ba ni takardar ba, shi zai riƙa karantowa ni ina yi. Baba Tela yana zaune a kan buhun siminti yana kallo.

Na cire, na sake buɗewa. Da na kai shafin na duba ƙasa, ga akwatin nan, ɗan mitsitsi. Sau goma sha wani abu na wuce shi. Na yi masa maki. Ya gama. Na rufe baƙin allo na buɗe sabo. Mai duba wasiƙu ya karanto mini umarnin harafi da harafi, na buga, na danna shiga.

Sai ta zubo wani dogon ƙorafi da Turanci. Mai duba wasiƙu ya cire tabarau ya dubi Ofisa. Ofisa ya dubi buhunan siminti. Ni kuwa abin da na lura shi ne ƙorafin ya canza. Da can cewa take ba ta san shi ba, yanzu shi kansa ne yake amsawa yana cewa bai gane abin da na nema ba. A aikinmu in fitila ta fara ƙiftawa, wuta ta iso, saura haɗi. Na roƙa a nuna mini layin in gani da idona. Mai duba wasiƙu ya miƙo takardar bai sake ta ba. Ke ma da laifinki: ƙananan layuka biyun da ke gaban kalmar sun haɗe a rubutunki sun zama ɗaya. Baba Tela ne ya leƙo ya ce, “Wannan ɗinki biyu ne, zare ne ya haɗa su.”

Na buga da biyu. Ta amsa da layi ɗaya: Python, uku, ɗigo, takwas.

Mai duba wasiƙu ya tambaya shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya ce mako shida yana ajiye da takarda saboda wannan? Ya nemi in nuna masa maɓallin kuɓuta. Na nuna masa. Ya danna da kansa sau biyu, ya duba ƙofa, ya ce bai ga ta buɗe ba. Sai a nan na gane ashe yana dariya, a ciki yake yin ta. Ya ba ni wasiƙun, ya ce zai janye rahoton.

Zuwa Asabar, duk biyar ɗin sun amsa. Na buɗe wa kowa folda da lambarsa. Mun ɗauko littattafanmu na bara muka fara bugawa. Shirin farko da ya yi aiki na Baba Tela ne: ka ba shi faɗin ƙirji da tsawo, ya gaya maka yadin da riga za ta ci. Ya gwada shi da awon mutum bakwai, ya ce kwamfutar ta fi yaransa na shago, ba ta cin yadi. Biyu daga cikin waɗanda suka tafi kafinta sun dawo.

Ofisa ya ba ni izinin buɗe ta shida. Rabona da sukudireba tun kafin shari'a. Na daɗe a tsaye da shi a hannu. Fiyus ne kawai ya ƙone. Akwai wanda ya ce in naɗa masa siririyar waya a wuce wurin. Na ce a'a, sai an kawo na daidai ƙarfinsa, ko da za a yi duban babu ita.

Yayanki

5 ga Mayu

'Yar Gwaggo,

Gaisuwa gare ki da iyali da Gwaggo. Ban jira amsarki ba saboda lokaci ya ƙure.

Masu duba aiki sun zo su uku. Mintinsu goma sha ɗaya a ɗakin, Baba Tela ya ƙirga. Wata mata a cikinsu ta ba shirinsa awon mijinta, ya ce yadi huɗu da rabi, ta ce haka telansa yake karɓa. Suka rubuta abin da za su rubuta suka fita. Washegari aka kwashe siminti. Ɗaki ya tsira, an ce kuma za a nemo malami, ba a dai ce yaushe ba.

Ga abin da ban zata ba. Ofisa ya rubuta mini yabo, yabon ya sa aka saka sunana cikin waɗanda za a mayar gonar gidan yari su ƙarasa wa'adinsu. Kowa so yake a kai shi can, babu katanga mai tsawo, ana barin 'yan'uwa su zauna da mutum awa biyu. Sai dai babu kwamfuta ko ɗaya. Na yi wata huɗu ina haƙa rijiya, ran da ruwa ya fito aka ce in tashi. Jibi mota za ta zo.

Kwana ukun nan na zauna na rubuta duk matakan a sabon littafi, da hoton shafin da kibiya tana nuna ƙaramin akwatin, da abin da kwamfuta take cewa in an yi kuskure kaza. An kawo fiyus jiya, na saka, ta shida ta tashi. Ban saka mata komai ba. Na ba Baba Tela littafin da filashi, na koma bayansa na harɗe hannu, na yi alkawarin ba zan ce uffan ba. Ya yi minti arba'in. Ya tsaya a wuri biyu yana juya shafi, a nan na gane inda bayanina ya gaza, na gyara daga baya. Amma da kansa ya kai, ta amsa masa.

Ina da roƙo, kuma wannan karon kai tsaye zan yi shi. Baba Tela ba shi da mai rubuto masa. Zai maƙale, dole. Ko zai iya aiko miki da tambaya?

Ni kuwa ban san yadda zan yi da abin da na fara ba. Wata goma sha takwas ba tare da allo ba, ina tsoron kafin in fito ya zube.

Yayanki

18 ga Mayu

Yaya,

Muna lafiya, ina fata ka sauka lafiya kuma gonar ta karɓe ka. Ofisa ne ya ba ni sabon adireshin.

Baba Tela ya riga ka. Wasiƙarsa ta zo tun kafin in amsa taka, tambaya uku, rubutunsa ya fi nawa da naka kyau. Na amsa masa, na kuma raba layukan da kyau.

Ba zan ruɗe ka ba: abin da ka iya yanzu bai kai a ɗauke ka aiki ba. Ka dai shirya teburin aiki, aikin yana gaba. Amma littafin da ka rubuta har wani ya bi ya kai, a ofishinmu akwai masu digiri da ba su iya wannan ba.

Ranar ziyara ta farkon wata za mu zo ni da Gwaggo. Ta ce in gaya maka kada ka yi mata kuka a gaban mutane, ita ma ba za ta yi ba. Ban yarda da ɗayanku ba. Zan kawo maka littafin koyo, da littattafan rubutu masu layi guda biyar, da fensir.

Ga yadda za mu yi. Duk mako biyu ka rubuta shiri ɗaya a takarda ka aiko. Zan buga shi a kwamfutata daidai yadda ka rubuta, ba zan gyara ko ɗigo ba. Abin da ta amsa zan kwafo maka, in ƙorafi ne ƙorafi, kai za ka nemo kuskuren ka sake aikowa. A hankali ne, amma wata goma sha takwas shiri talatin da shida ke nan.

Na farko: manomi yana da kadada kaza, kowace kadada tana cin iri mudu kaza. Shirin ya tambaye shi, ya gaya masa irin da zai tanada. In ya buga harafi a maimakon lamba, kada shirin ya faɗi, ya sake tambayarsa cikin ladabi.

Ka tambayi manoman nan adadin gaskiya, kada ka ƙirƙira. Ina jira.

'Yar Gwaggonka